Hanyar da Ba Ta Manta da Itatuwanta Ba

An yi wani sarki a ƙasar Tumbatsa, ana ce masa Mamuda, mutum ne mai kaifin hankali da tsananin riƙo, wanda idan ya so abu ba ya sakinsa, idan kuma ya ƙi abu ba ya waiwayarsa. A shekara ta biyu da hawansa gadon sarauta 'yan fashi suka kashe ƙanensa, Yarima Zubairu, a cikin wani kurmi. Baƙin ciki ya rufe wa sarki ido, har ya yi doka cewa duk wani kurmi da ke tsakanin birni da gulbi a sare shi, kuma kowace shekara lokacin sassabe a bi kututturan a datse duk abin da ya tofo, kada itace ya sake kai tsawon mutum a wannan yanki. Shi kansa bai taɓa shiga kurmi ba tun da aka haife shi. Iyakar saninsa da shi abin da fadawa suka gaya masa ne, wato duhu da ƙaya da maɓoyar miyagu. Akwai kuma wata tsohuwar doka a fadarsa wadda ya gada daga kakanni: duk wanda aka kama da ƙarya a gaban sarki, ba a dukansa, ba a ɗaure shi, sai dai a raka shi iyakar ƙasa a ce masa ya yi gaba, shi da Tumbatsa har abada.

Shekara goma sha biyu da yin dokar sara, wani ayari ya sauka a zangon birnin daga arewa, a cikinsa akwai wani matashi mai suna Nomau, ɗan Tungar Maɗaci, ƙauyen da ke da nisan kwana biyu daga birni. Ya bar gida yana ɗan shekara goma sha biyar, tun ba a taɓa itace ko ɗaya ba, kuma ba yunwa ce ta kore shi ba, ba rigima ba, ƙafarsa ce dai mai ƙaiƙayi. Ya zauna Agadas ya ji ana yabon Gat, ya je Gat ya ji ana yabon Tarabulus, daga can ya gangara Misira, inda ya yi wa wani mai ƙawata bangon gidaje barantaka har ya ƙware wajen haɗa launi da jan alƙalami. Duk inda ya sauka sai ya ji kamar garin gaba ne nasa, har ranar da ya gane cewa garin da yake nema yana bayansa.

A cikin waɗannan shekaru akwai wata farar saƙa mai kauri da yake ɓoyewa a ƙasan kayansa, duk lokacin da kewar gida ta taso masa sai ya shimfiɗa ta ya ƙara mata wani abu. Ba komai ya zana a kanta ba sai hanyar rafin ƙauyensu da hantsi: siririyar turba mai jar ƙasa, ta shiga kurmi tana karkata sau biyar, a kowace karkata akwai babban itacen da ta zagaye, rassa sun haɗe a sama, rana tana ratsa ganye tana zuba a ƙasa ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Akwai wani reshen tsamiya da ya gitta hanyar ƙasa-ƙasa, can ƙarshe kuma wata ƙatuwar ɗinya wadda haske ya taru a gindinta kamar an kwarara zuma. Bai sa mutum ko tsuntsu a ciki ba, domin maigidansa ya hore shi da barin surar abu mai rai. Saboda haka hanyar ta zauna fayau, kamar tana jiran wanda zai taka ta.

Nomau bai yi niyyar nuna wa kowa zanen ba. Burinsa ya kwana ɗaya a zango, gari na wayewa ya kama hanyar Tunga, inda aka ce masa tsohuwarsa tana nan da rai. Amma Sarkin Zango, garin binciken kayan ayari, ya warware saƙar, ya tsaya baki buɗe, ya ce abu irin wannan ba ya wuce birni sarki bai gani ba. Haka aka tasa Nomau gaba zuwa fada, shi da zanensa.

Da aka shimfiɗa zanen a majalisa, sarki ya daɗe yana kallonsa, har ya sauko daga kan shimfiɗarsa ya durƙusa kusa da shi, abin da fadawa ba su taɓa gani ba. Sa'an nan ya ce, "Kai baƙo, wace ƙasa ce Allah ya yi wa wannan baiwa? Sham ce, ko can bayan Misira? Gaya mini, domin tun da aka buɗe abin nan nake jin ƙafata tana so ta taka wannan turba."

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, zuciyarsa fari ƙal, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ni ba baƙo ba ne, talakanka ne. Wannan kuwa ba Sham ba ce, ƙasarka ce. Hanyar rafin Tungar Maɗaci ke nan, kwana biyu daga ƙofar fadarka. In sarki ya so, jibi war haka yana cikin inuwarta."

Sarki ya miƙe a hankali ya koma mazauninsa, fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Kurmin ƙasata na san labarinsa. Ni na sa aka sare shi shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma ban sare komai ba sai duhu da ƙaya. Wuri irin wannan babu shi a ƙasata, ba a kuma taɓa yin sa ba. Ka zo da aikin wata ƙasa, ko ka zo da mafarkinka, ka tsaya a gabana ka ce nawa ne. Ka san hukuncin ƙarya a wannan ɗaki?"

Nomau bai ji maganar hukunci ba. Kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa, ita ce sara. Ya dubi fadawa ɗaya bayan ɗaya ko wani zai ce masa wasa ake yi, kowa ya sunkuyar da kai.

Ku sani, ya ku masu hankali, sarki bai fusata don yana da yaƙinin matashin ya yi ƙarya ba. Ya fusata ne don tsoron kada ya zama gaskiya ya faɗa. Wannan kuwa babu wanda ya gane shi a majalisar sai Waziri Ɗalhatu, wani dattijo mai sanyin magana, wanda gwiwarsa ta daɗe da yi masa tawaye amma hankalinsa bai taɓa yi ba.

Waziri ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dokar kakanninka ta ce a kori wanda aka kama da ƙarya, ba ta ce a kori wanda aka zarga da ita ba, tsakanin zargi da kamu kuwa akwai hujja. Ina roƙon arziki a ba ni wa'adin kwana bakwai in je in gani. In maƙaryaci ne, ni da kaina zan raka shi iyaka, da wannan gwiwa tawa."

Sarki ya ce, "Na ba ka, Waziri, amma da sharaɗi. Uwa ba ta shaidar ɗanta, gari ba ya shaidar ɗansa. Kada ka kawo mini bakin mutumin Tunga ko ɗaya. Ka kawo mini shaidar da ba ta da harshe, ko ka kawo mini shi a shirye da tafiya."

Suka kama hanya, waziri a kan alfadarinsa, Nomau a ƙasa tsakanin dogarai biyu. Lokacin bazara ne, an gama sassabe ana jiran ruwa, ƙasa ta kwanta fetal, babu abin da ido zai huta a kai sai tsofaffin kunyoyi da tokar ciyawa. A rana ta biyu Nomau ya kasa haƙuri, ya ce, "Ranka ya daɗe, wani tsoro nake ji wanda ya fi na kora. Shekara nawa ina taɓa saƙar nan a garin mutane. In kewa ta dame ni sai in ƙara haske, in ta ƙara damuna sai in ƙara ganye. Yanzu ni kaina ban san wanne na gani da idona ba, wanne kuma zuciyata ta ara mini."

Waziri ya ce, "Bege ma mai zane ne, ɗana, kuma hannunsa ya fi naka nauyi wajen zuba launi. Amma ban taɓa jin bege ya dasa itace inda babu shi ba. Mu je dai."

Da suka isa Tungar Maɗaci, Nomau bai gane garin ba sai da ya ga rijiyar bakin masallaci. Tsohuwarsa, Iya Marka, tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsintar wake da lalube, domin yanar ido ta fara rufe mata gani. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta tsaya cak, ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, sa'an nan ta janye hannun da sauri, domin ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, balle ta nuna ɗokinsa a gaban mutane.

Ta ce, "Kai ne? To. Ai ka yi gemu. Can inda ka je ba su da abinci ne?"

Ta tashi ta shiga madafi, aka daɗe ana jin ta tana hura wutar da ta riga ta kama.

Da la'asar ya fita shi kaɗai zuwa bakin gari, dogarai na hangensa, ya tsaya inda kurmi yake farawa a da. Babu komai. Gona ce shimfiɗe har rafi, rana tana dukan ƙasa babu mai tare ta. Ya nemi ko da kututture ɗaya bai gani ba, domin shekara da shekaru ana tara musu ƙasar kunya har sun nutse. Ya tuna sanyin da ke tarar mutum a taku na uku, da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye, da yadda muryar mata ke canzawa in sun shiga ciki, ya ga cewa ya yi tafiyar wata huɗu a cikin rairayi zuwa wurin da ba ya ko'ina sai a kan ƙyalle, ƙyallen ma yana hannun sarki. In an kore shi yanzu, ya rasa gida sau biyu.

Washegari da hantsi waziri ya sa aka kafa masa rumfar kara a bakin gonar, ya zauna yana jan carbi, Nomau na gefensa. Bai tambayi kowa komai ba, kallo kawai yake yi. Mata suka fito da tuluna za su rafi, suka jeru, suka bi wata turba a tsakiyar filin, ta yi dama su yi dama, ta yi hagu su yi hagu. Can sai ga Iya Marka a bayansu da ɗan ƙaramin tulunta da sanda. Da ta dawo, tulu cike a ka, ta iso wani wuri a tsakiyar fili inda babu ko tsinke, sai ta rage tsawo, ta dafe tulun, ta sunkuya ta wuce, sa'an nan ta miƙe.

Waziri ya ajiye carbi. Da ta iso kusa ya ce, "Sannu da aiki, Iya. Me kika sunkuya wa can?"

Ta ce, "Reshen tsamiya mana."

"Ina tsamiyar take?"

Ta yi dariya ta ce, "Ai ita ta daɗe da tafiya, ranka ya daɗe, wuyana ne labari bai kai masa ba. Tuluna uku ta fasa mini ina amarya. Wanda ya sha wannan horo ba ya mantawa don an zo da gatari."

Nomau ya ga dattijon ya rufe ido yana murmushi, sa'an nan ya kira ɗaya daga cikin dogaran ya ce ya koma birni ya gaya wa sarki shaida ta samu, amma ba ta iya tafiya, sai dai a zo mata. A taho da zanen, a taho kuma da Bagudu Sarkin Daji.

Ranar cikar wa'adi, da hantsi, sarki ya iso da 'yan rakiya kaɗan. Aka shimfiɗa zanen a bakin gonar aka danne kusurwoyinsa da duwatsu, mutanen gari suka tsaya nesa. Waziri ya ce wa Sarkin Daji ya dubi itatuwan da ke kan karkatun nan biyar ya faɗi sunansu a gaban kowa, tun ba a taɓa ƙasa ba. Bagudu, wanda ya tsufa a cikin itace, ya duba ɓawo da ganye ya ce, "Na fari maɗaci ne. Na biyu ɗorawa. Na uku tsamiya, ga reshenta ya gitta. Na huɗu kanya. Na ƙarshe ɗinya." Da ya ambaci ɗinya muryarsa ta yi ƙasa, amma babu wanda ya lura sai Nomau.

Waziri ya juya ga sarki ya ce, "Allah ya ƙara maka imani, ina da tambaya irin ta jahilai. Idan mace za ta rafi a fili irin wannan, rana na dukanta, kaya na kanta, miƙewa za ta yi ko zagaye?"

Sarki ya ce, "Miƙewa, in ba mahaukaciya ba ce."

"To ga hanyar rafin Tunga a gabanka. Me take zagayewa?"

Sarki ya duba. Turbar ta fita daga bakin gari, ta karkata, ta dawo, ta sake karkata, sau biyar cif kafin ta kai rafi, a cikin filin da babu dutse babu rami. Ya dubi zanen, ya dubi ƙasa, ya sake duban zanen.

Waziri ya ce, "Al'adar manoman ƙasarka ce, ranka ya daɗe, ba a sa garma a kan hanya. Inda ƙafa ta saba bi, nan gona take tsayawa, ko gonar wa ce. Da aka sare kurmi aka raba filin, kowa ya nome nasa ya bar turba yadda ya same ta. Mutane an hana su magana sun yi shiru, ita kuwa ba ta san an yi doka ba. Ga shaidar da ba ta da harshe. In sarki ya yarda, mu taka ta."

Sarki ya sa ƙafa a kan turbar. A karkata ta fari waziri ya sa aka tona cikin lanƙwasar, ba a kai kamu biyu ba fartanya ta yi ƙara a kan itace. Aka share ƙasa, sai ga kututture mai faɗin tabarma. Waziri ya sa aka ɓantaro ɓawon saiwarsa ya miƙa wa sarki. Sarki ya ɗanɗana, ya yamutse fuska, ya tofar.

Waziri ya ce, "Maɗaci bai sake hali ba."

A ta biyu aka sami ɗorawa. A ta uku aka sami tsamiya, har da wani ɗan tofo kamar yatsa da ya tsere wa masu sassabe, ganyensa ƙanana a jere. A ta huɗu aka sami kanya. Nomau yana biye, duk kututturen da ya fito sai ya ji kamar an kira sunan wani ɗan'uwansa ya amsa daga ƙarƙashin ƙasa.

A karkata ta biyar, kusa da rafi, aka tona ba a sami komai ba. Aka faɗaɗa ramin, aka zurfafa shi har gwiwa, babu kututture babu saiwa. Wannan kam waziri bai san da shi ba. Sarki ya sauke numfashi kamar wanda aka ɗauke wa kaya, ya ce, "Huɗu gaskiya, ɗaya ƙarya. Kuma inda ya fi kyau a zanen, nan ne ƙaryar take. Dokar kakannina ba ta ƙidaya, Waziri, ɗaya ta isa."

Nomau ya dubi ramin. Ɗinyar nan ita ya fi daɗewa a kanta, ita ya fi tabbata da ita, ita ce kuma babu.

Sai aka ji ƙarar sanda. Iya Marka ta ratso mutane, dogari ya tare ta, ta ce, "Matsa, yaro, ni ba shaida na zo yi ba, an ce ba a so. Masu tonon nan nake tausaya wa, suna neman abin da aka ƙone. Su ƙara kamu ɗaya za su sami gawayi." Ta juya inda take jin muryar sarki ta rusuna. "Ranka ya daɗe, ita ɗinya ba sare ta aka yi ba. Mutanenka tone ta suka yi har saiwa, suka tara mata wuta kwana uku, domin a gindinta aka sami Yarima."

Sarki ya dubi Sarkin Daji. Bagudu ya faɗi ƙasa ya ce, "Haka ne, Zaki. Ni na sa wutar." Aka ƙara tono, ƙasa ta fara fitowa baƙa, sai ga gawayi dunƙule-dunƙule.

Sarki ya daɗe tsaye a bakin ramin. Da ya yi magana, ba muryar fada ba ce. Ya ce, "Iya, shekara goma sha biyu ina tambayar kaina abin da ya kai shi cikin daji shi kaɗai, ba dogari ba bara. Kin sani?"

Ta ce, "Wa bai sani ba a garin nan? Wurin zamansa ne. Sai ya bar mutanensa a bakin gari ya shigo, ya tuɓe takalmi, ya jingina da ɗinyar yana kallon sama kamar wanda ya yi ajiya a can. Sau nawa na ba shi ruwa a ƙoƙo. Har ya taɓa ce mini, 'Iya, yayana sarauta ta kulle shi a ɗaki. Da kaka zan jawo shi ya ga wurin nan, in ya gani sai an yi da gaske zai koma.' Kakar ce ba ta same shi ba. Mun so mu gaya maka, to, gatari ya riga mu isa."

Sarki ya ja amawali ya rufe fuskarsa. Rana tana tsaye a kan kowa, babu inuwar da za a kai sarki ya zauna.

Bayan wani lokaci ya sauke amawalin, ya dubi zanen da aka biyo shi da shi, ya ce, "Waziri, itatuwa sun yi shaida, wuta ma ta yi. Wannan hasken fa, wa zai shaide shi?"

Waziri ya ce, "Rana tana nan, Allah ya ba ka nasara, ita ba a sare ta ba, ga ta a kanmu tana gasa mu. Abin da za ta ratsa ne babu, haske kuwa ba ya yin kyau sai ya sami abin da ya tare shi, kamar yadda iko ba ya yin kyau sai ya sami mai ce masa dakata. Amma ka dubi tofon tsamiyar can. Kututturan nan ba su mutu ba. Shekara goma sha biyu kana yanke musu hukunci, shekara goma sha biyu suna ɗaukaka ƙara, ba a taɓa saurarensu ba."

Sarki ya ce, "Yau an saurare su." Ya ɗaga murya yadda mutanen gari za su ji, ya soke dokar sara, ya ce daga bana duk kututturen da ya tofo a zaɓi tofo biyu mafi ƙarfi a bar su, a dasa kuma ɗinya a cikin wannan rami. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa waziri, ya ce, "Ka cece ni daga korar mai gaskiya, ka kuma kai ni inda ƙanena ya so kai ni." Sa'an nan ya tambayi Sarkin Daji shekara nawa za a yi kafin rassa su sake haɗewa a kan hanyar. Bagudu ya ce in Allah ya ba da ruwa, ashirin da biyar. Aka ga sarki yana lissafi da yatsunsa a ɓoye, ya ce, "To. Wani zai shiga inuwar."

Ya juya ga Nomau ya ce, "Na zarge ka a gaban jama'a, a gaban jama'a nake wanke ka. Ka zo fada ka zauna, in ba ka bango ka zana abin da ka so. Ga kuma zanenka."

Nomau ya faɗi ya yi godiya ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na zauna a garuruwa da yawa, kowanne ina kallon na gaba. In sarki ya yarda, a bar ni nan in yi tsaron tofon nan daga awaki. Zanen kuwa a bar shi wurin sarki. Na yi shi ne lokacin da ba ni da hanyar, yanzu ga ta a ƙarƙashin ƙafata."

Sarki ya yarda. Aka ce ya sa an rataye zanen a majalisa, daidai inda idonsa zai sauka duk lokacin da zai yanke hukunci, kuma bai sake yin doka a kan wurin da bai taka ba har ya koma ga Mahaliccinsa, shekara tara bayan haka, lokacin ɗinyar ba ta wuce tsawon ɗaki ba.

Nomau kuwa ƙaiƙayin ƙafa bai bar shi ba. Duk ayarin da ya ji labarinsa sai zuciyarsa ta motsa. In ta motsa sai ya karɓi tulun tsohuwarsa ya bi ta zuwa rafi, tana gaba da sanda, yana baya, suna karkata inda hanya ta karkata. In sun iso wurin tsamiya, wadda a lokacin ba ta kai ƙugunsa ba, sai ta sunkuya, shi ma ya sunkuya.

Masu hikima suka ce zalunci gatari ne, yini ɗaya ya ishe shi aiki, adalci kuwa inuwa ce, sai an yi mata haƙurin shekaru; kuma mafi adalcin sarakuna shi ne wanda ya dasa inuwar da ya san ba shi zai zauna a cikinta ba. Allah ya sa mu taka hanya kafin mu yanke mata hukunci.